Waɗanda Ba a Zo Karɓa Ba

Teburina ƙafa uku gare shi,
ta huɗun bulo na kafa.
Shekara ashirin da biyu a bakin kwalbatin Herwagana,
magagari a dama, ƙarfe a hagu,
ina cin tuwo da haƙoran makulli.

Da na zo, ƙofa shida ke da kwaɗo a layin nan.
Sauran asabari ne da sallama,
da tsohuwa a zaure tana kasa gyaɗa.
In na yanka biyu a yini, na gode Allah,
sai hira da Bappa Manu mai faci
har inuwar la'asar ta hau tubali.

Bappa Manu ya koma Kumo wajen ɗansa.
Inda yake tsoma taya a ruwa yana jiran kumfa
yanzu wata yarinya ce a cikin akwatin ƙarfe,
da 'yar na'ura, tana sayar wa mutane kuɗinsu.
Ban san sunanta ba.
Takan ce, Baba ina kwana, ido na kan waya.
Ban ga laifinta ba, kowane zamani da nasa hali.

Tsamiyar Adda Kulu mai ƙosai
ranar wata Talata aka sare ta.
Ta matsa jikin masallaci, aka ce hayaƙi.
Ta matsa bakin titi, aka ce mota.
Yanzu jikarta ke yawo da bokiti mai murfi,
ƙosan ya iso hannunka a sanyaye
kamar gaisuwar da aka rubuto a bayan kwali.

Kada in yi wa Allah butulci: kasuwa ta buɗe mini.
Baƙi sun saye gidajen gado,
sun ja katanga, sun dasa mata fasassun kwalabe,
ƙofa ɗaya kwaɗo uku,
ɗakin mai gadi ma da nasa.
Tsoron mutane ne ya saya mini inji,
shi ya kai Hajjo makarantar ungozoma.
Na ci, na ƙoshi, na rufa asirin iyali.

Amma akwai wata waya a ƙarƙashin teburin
inda nake zura waɗanda ba a zo karɓa ba.
Wannan na shagon Ishaku tela ne, mutumin Kaltungo.
Ya ce gobe. Goben ta zo da katafila.
Wannan na ɗakin Goggo Dudu,
ta ba da rabin kuɗi,
ta riga ni zuwa gidan da ba a kulle shi daga ciki.
Sha bakwai ne, jiya na sake ƙirgawa.
Ba abin da za su buɗe sai iska,
ƙofofinsu sun zama ƙasa, ƙasar ta zama fili.

Filin ya zama bene mai gilashi.
Shekaranjiya mai benen ya aiko yaronsa
da ashirin da huɗu, kowanne a yi masa uku.
Ko tayi bai yi ba. Dare biyu na yi a kai.
Da ya zo karɓa sai ya tsaya sosa ƙeya:
wai Alhaji ya ce teburin na tare fuskar shago,
zuwa ƙarshen wata dai,
amma in ina so akwai lamba tara,
kuɗin shekara biyu a dunƙule.
Ya faɗi kuɗin. Na yi dariya har na ƙware.
Lamba tara! Ni na fitar mata da haƙora,
na san bakinta kamar bakin autana,
shigarta ce dai ta fi ƙarfin dalili.

Na ce ya gai da Alhaji.

An ce bayan Tumfure ana ta gini,
kuma duk inda aka yi gini sai an rataya ƙofa.
Zan ɗora teburin a amalanke.
Bulon zan bar musu, can ma ba a rasa bulo.
Wayar nan kuwa ƙafata ƙafarta,
ko wani zai ɓullo wata rana
ya ce, Malam Jungudo, ina saƙona?
In miƙa masa, in ce cikon kuɗin na yafe,
je ka nemo ƙofar, ga makulli.